Akwatin da Ke Shan Turare

Hayaƙin na fara gani kafin in ga matar. Siriri ne, fari, yana tashi daga wani ɗan kasko a ƙarƙashin teburi. Maimakon ya miƙe sama yadda hayaƙi ya saba, sai ya lanƙwasa gefe, ya bi ta wasu ƙananan tsaga ya shige cikin wani baƙin akwati da bai fi rediyo girma ba. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a hannu ina kallo. Sai can na lura da dattijuwar da ke tsugune gaban akwatin, tana kaɗa hayaƙin da gefen mayafinta kamar mai turara kayan amarya.

Ranar na fara aiki a wurin. Shagon ɗaukar hoto ne a Dutse, a wani layi mai fuskantar duwatsu, jikin shagon wani tela. Mutumin da ya kafa shi ya rasu kafin zuwana. Ƙaninsa ne ya gaji wurin, muna ce masa Oga, shi ya ɗauke ni in riƙa gyara hotuna da haɗa bidiyon biki a kwamfuta. Shi ke fita ɗauka, wani lokaci har Jahun ko ƙauyukan da ke bayanta, ni kuma in wuni a ɗakin ciki. Dattijuwar nan kuwa matar marigayin ce. Kowa Hajiya yake ce mata.

Oga ya nuna mini akwatin da baki, ya ce kada in kashe shi, kada in matsar da shi. A cikinsa akwai faifan ajiya guda biyu, kuma duk hoton da yayansa ya taɓa ɗauka yana ciki, har da tsofaffin kasakasai da ya bi ya juye kafin ciwo ya kwantar da shi. Waya ce ta haɗa akwatin da kwamfutocin shagon, ta nan muke ɗauko aiki mu mayar. A bayansa akwai 'yar fanka mai jawo iska ta gaba ta fitar ta baya, don kada faifan su yi zafi. Ita ce ke jan hayaƙin. Wannan bayanin sai daga baya ya zauna mini. A ranar, abin da na gani shi ne akwatin mamaci yana shaƙar turaren matarsa.

Haka nake tun ina yarinya. A ƙauyenmu na ƙasar Miga, yayata ke karɓo hayar littattafan soyayya ranar kasuwa, ta ɓoye ƙarƙashin katifa, ni kuma in ɗauke in tafi bayan rumbu in karanta. A can na koyi cewa masoya ba sa cin abinci in sun rabu, kuma in ɗaya ya mutu ɗayan ba ya daɗewa. Da na zo Dutse na kama ɗaki a wani gidan haya da ma'aikatan gwamnati suka cika. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci duk sai su watse zuwa garuruwansu, gidan ya rage daga ni sai igiyoyin shanya. Ban san kowa ba. Littattafan na taho da su, su nake maimaitawa.

Hajiya kan zo da hantsi. Ta karɓi garwashi wajen mai shayi a bakin layi, ta shigo, mu gaisa, ta tsuguna ta hura wutar, ta zuba turaren da ta haɗa da hannunta. Icen sandal ne da hawi, ta soya su da sukari da turarukan mai. In ta gama sai ta zauna a kujerar roba har garwashin ya mutu, ta kwashe tokar, ta tafi. 'Yan layin sun saba. In sun gan ta sai su ce Hajiya ta zo turara shago.

Wata safiya ta tambaye ni ko na iya buɗo tsofaffin bukukuwa. Na ce wanne take so. Ta ce kowanne. Na buɗo wani ɗaurin aure na mutanen da ba ta sani ba, maza cikin manyan riguna sun yi cirko-cirko a ƙofar wani zaure. Sai aka yi gyaran murya daga bayan kyamara.

"Alhaji, a ɗan matso. Kai mai jar hula, rana na bayanka, juyo nan."

Hajiya ta gyara zama, ta sauke mayafinta daga kunne. A nan na gane abin da ke kawo ta.

Bayan ta tafi na shiga neman hoton marigayin. Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin garin nan, ban samu tasa ba sai a wani ɗan hoton fasfo da ya koɗe, sai kuma inuwarsa a ƙasa a wasu wurare, kyamara a kafaɗa. Kullum yana baya. Abin da ya rage nasa shi ne muryar nan, tana jera mutane, tana roƙon yara su daina tsalle, wani lokaci tana dariya ƙasa-ƙasa in wani ango ya ƙame kamar soja.

Daga nan ya zama mana al'ada. Ta zuba turare, in buɗo biki, mu zauna. Ba ma yawan magana. Ni dai a raina na gama gina masa kamanni da hali, na sa shi cikin jerin jaruman da na sani. Na taɓa tambayarta ko yana rubuto mata wasiƙa lokacin da suna matasa. Ta dube ni ta ce wasiƙar me, alhali gidan iyayenta na kallon gidan nasa iyayen. Ta ce mutum ne da in ya dawo daga aiki, maganarsa ta farko ita ce ko akwai ruwan zafi. Ban yarda ba. Na ɗauka kunya ce irin ta manya.

Da bazara ta kama, lokacin da duwatsun nan ke mayar wa gari zafin da suka sha, fankar ta fara canza hali. Da can sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Yanzu sai ta tashi da ƙugi kamar injin markaɗe, ta yi ta yi, sai ta yanke ɗif, can kuma ta dawo da wani karce-karce. In ta tashi ba a jin muryar. Ina ƙara sauti, Hajiya na matso da kujera. Sannan 'yar fitilar gaban akwatin, wadda kullum koriya ce, ta koma ruwan lemo. Ranar da abin ya kai maƙura muna tsakiyar wani bikin suna, marigayin yana cewa a ɗago jaririn, sai akwatin ya yi ƙara sau da yawa a jere ya mutu. Hoton ya daskare, maganar ta tsinke a tsakiya.

Hajiya ta ɗora hannunta a kan akwatin, ta janye da sauri saboda zafi.

Oga ya ba ni lambar wani injiniya a Kano, wanda ya haɗa wa marigayin akwatin tun farko. Mutum ne mai saurin magana, kullum ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce akwatin ba lalacewa ya yi ba, kashe kansa ya yi don ya tsira, haka aka yi shi. Amma duk lokacin da faifan suka gasu haka, kwanansu na raguwa. Na ce ai biyu ne, kuma na ji an ce kowanne kwafin ɗan'uwansa ne. Ya ce haka ne, sai dai a jere suke a ɗaki ɗaya, zafin da ya dafa wannan shi zai dafa wancan. Ya tambaya ko akwai kwafi a wani wuri. Babu.

Washegari na gaya wa Hajiya yadda zan iya. Ta saurara har na gama.

"In suka ƙone, har da maganar tasa?"

Na ce har da ita.

Na fara da ƙoƙarin kwashe bidiyon zuwa kwamfuta, ko kaɗan ne. Amma kwafa ita ce aikin da ya fi sa faifan zafi, kafin a je ko'ina akwatin ya sake mutuwa. Injiniya ya ce in bari. Ya koya mini shiga shafin saitin akwatin ta kwamfuta, inda ake ganin zafin kowane faifai da gudun fankar. Lambar zafin ta yi ja. Ta gudun fankar kuwa sai ta haura, ta faɗo, wani lokaci ta nuna ba ta juyawa sam. Ya ce in cire ta daga tsarin shiru in mayar da ita cikakken gudu. Na yi. Ƙugin ya ƙaru, zafin bai sauka ba. Ya ce wataƙila manhajar ce ta tsufa take ba fankar umarnin banza, in sabunta. Na wuni ina jiran abin ya sauko saboda rashin ƙarfin sabis, aka gama, ba abin da ya canza. Na nemi izinin Oga na janye akwatin daga jikin bango, na ɗora shi a kan bulo don iska ta ratsa ƙasansa, na juyo masa da fankar tsaye tawa, ni na zauna ina gumi. Ya ɗan yi sauƙi da safe, azahar na yi ya koma.

Injiniya ya tambaya ko wurin na da datti. Na ce duk layin babu shagon da ya kai namu tsabta. Ya ce ko akwai mai shan taba a ɗakin, ko ana girki kusa. Har raina ya ɗan ɓaci. Na ce masa mu biyu ne mata, kuma ɗakin nan ƙamshi yake yi dare da rana. Bai bi ta kan maganar ba, ni ma ban bi ba. A gidan da na tashi, turare cikin tsabta yake. In an share ɗaki an goge, da shi ake rufewa. Ko a mafarki ban sa shi a layin abin da ke ɓata kaya ba.

Ita kuwa Hajiya, da ta ga akwatin ba lafiya, sai ta ƙara himma. Ta fara zuwa da sassafe, ta sake dawowa bayan la'asar. Ta ƙara yawan turaren, ta matso da kaskon daf da tsagar. Takan zauna tana motsa baki da addu'a. Ta ce mini haka ta yi wa Malam, wato marigayin, lokacin jinyarsa, ba ta taɓa barin ɗakinsa ya yi warin ciwo ba. Na daina buɗo bukukuwan don kada in wahalar da faifan, sai muka koma zaman sauraron fanka. In ta yanke mu dubi juna, in ta dawo mu sauke numfashi. A duk zamana na Dutse ban taɓa jin kusanci da wani mutum kamar a wannan zaman ba.

Daga ƙarshe Injiniya ya ce ba makawa sai an buɗe. Oga yana wajen wani biki, na kira shi, ya ce in yi duk abin da aka ce. Bayan Hajiya ta tafi na kashe akwatin, na zare wayoyinsa, na aro ƙaramin sukundireban da tela ke kwance kekensa da shi. Na zaro faifan na ajiye a kan mayafina, na kwance murfin baya.

Ƙamshi ne ya fara bugo ni, mai nauyi, kamar an buɗe adakar tsohuwa. Fukafukan fankar sun yi kauri da wani abu ruwan ƙasa mai danƙo kamar maɗi, zaren tela da gashin auduga sun manne a kai. Na tura ta da yatsa, ta motsa da ƙyar ta tsaya. Ƙofofin iskar ma duk sun toshe rabi da rabi. Na ɗauki hoto na tura wa Injiniya. Nan take ya kira.

"Malama, suya kuke yi a shagon nan?"

Na ce masa ba mai ba ne, ƙamshin sandal yake yi. Na gaya masa zancen kaskon. Sai ya fashe da dariya. Ya ce ya ga fankar da taba ta kashe, ya ga wadda man girki ya kashe, amma bai taɓa ganin wadda ta mutu tana ƙamshin ango ba. Sukarin da man da ke cikin turaren ne ke bin hayaƙi, su sauka a kan duk abin da suka samu su daskare. Ya ce in goge cikin da auduga da sifirit, fankar kuwa ta riga ta ci kanta, zai ba direba sabuwa a tasha. Sai ya daina dariya ya ce in dai ana son abin da ke cikin faifan nan, kada a sake kunna turare a ɗakin.

Da Oga ya dawo na gaya masa. Ya sosa ƙeya, ya ce ni mace ce, na fi shi sanin yadda zan faɗa mata.

Na shirya magana tun a cikin adaidaita sahu, doguwa, mai daɗi, irin wadda ake yi a babin ƙarshe. Da ta shigo da garwashinta duk sai ta zube. Tsohuwar fankar kawai na ɗauko na sa mata a tafin hannu. Ta juya ta, ta kai hanci.

"Wannan ai haɗina ne. Ga sandal ɗin nan."

Na yi mata bayani. Ta daɗe tana murza danƙon tsakanin yatsunta.

"Wato ni ce nake kashe shi."

Na ce a'a Hajiya, ƙauna ce ta yi yawa har ƙarfe ya kasa ɗauka. Ta ɗago ta dube ni sosai.

"'Yar nan, littattafan nan sai sun ƙarasa ki." Ta ɗan murmusa. "Shi ma fa bai taɓa so ba. Atishawa yake sa shi. Kullum sai ya ce, ke dai sai kin shaƙe ni kafin in fita. Ni kuma in ce ba za ka shiga taron mutane kana warin batir ba. Haka muka yi ta yi har ya tafi."

Ta miƙe, ta ɗauki kaskon ta fita. Ta tagar na hango ta ta juye garwashin a gefen kwata, ta zuba masa ruwan buta.

Sabuwar fankar ta iso, na ɗaura, na mayar da faifan. Fitilar ta dawo koriya. Lambar zafin ta sauka ta zauna. Injiniya ya sa na gwada lafiyar faifan ta shafin saiti, ya ce sun sha wuya amma ba abin da ya ɓata. Na buɗo bikin sunan nan, marigayin ya ƙarasa maganarsa, aka ɗago jaririn. Ban taɓa jin muryar tas kamar ranar ba. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta sa mini albarka. Na ɗauka shi ke nan.

Ta ci gaba da zuwa, amma hannu sake. Da can tana da abin yi. Akwai karɓo garwashi, akwai hurawa, akwai jiran wuta ta mutu, akwai kwashe toka, kuma sauraron muryar yana shigewa cikin wannan jiran ba wanda ya lura. Yanzu sai ya zama dattijuwa ce kawai zaune a shago tana kallon bikin mutanen da ba ta sani ba. Takan ajiye hannuwanta a cinya, ta rasa inda za ta kai su. Mai shayi ya tare ta ya ce yau ba wuta. Wata mata da ta zo karɓar hoto ta tambaye ta na wa ta zo karɓa, ta ce ba na kowa ba. Oga kansa, ba da wata manufa ba, in ya shigo ya same ta sai ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?" Da can ba ya tambaya.

Na ce ta riƙa turara ɗakin waje, in rufe ƙofar ciki. Ta ce can wurin maza ne, kuma ba shagon take turarawa ba. Na ce to bari in zuba mata bidiyon a waya ta riƙa ji a gida. Ta ce a gidan da jikoki da surukai ke shige da fice, a ji ta tana kunna bikin wasu ita kaɗai a ɗaki, ai sai a ce tsohuwa ta fara zaucewa.

Zuwan ya koma jefi-jefi. Kafin ruwa ya sauka sosai ta daina.

Na zauna da akwatin ni kaɗai, yana aikinsa ba ƙara ba motsi. Wani lokaci in aiki ya yi sauƙi nakan buɗo wani tsohon biki. Amma ba tare da ita a kujerar ba, wani mutum ne kawai yake cewa a matso, a juyo. Nakan rufe kafin ya ƙare. Kujerar robar na mayar da ita waje.

Shekaru sun ja kafin in sake ganinta. Na ji labarin ta yi aure, wani dattijo mai shanu a ƙasar Buji wanda shi ma matarsa ta rasu. Ranar da Oga ya faɗa mini ban iya cin abincin rana ba, kamar ni aka yi wa laifi. Daga baya aka kira mu ɗaukar wani biki a wajejen, na bi Oga don in ɗauki ɓangaren mata. Da muka gama na tambayi gidan, aka nuna mini.

Na same ta a tsakar gida tana shanya gero. Ta yi ƙiba, ta yi haske, awaki na zagaye da ita. Ta rungume ni, ta dama mini fura da nono mai kauri, ta tambaye ni ina mijin, ko har yanzu sai na cikin littafi. Na ce har yanzu. Ta yi dariya har da tafa hannu. Maigidan ya yi gyaran murya daga zaure yana tambaya ko baƙuwa ta sha ruwa, ta amsa masa da cewa sai yanzu ya tuna. Mun yi hira mai tsawo, ta farashin dusa, ta ciwon gwiwarta, ta telan layinmu da ya koma Jahun. Ba ta ambaci shago ba.

Sai da ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe gefen hijabina, ta rage murya.

"Akwatin yana nan?"

Na ce yana nan, fankar ba ta sake ciwo ba, kuma yanzu mun yi kwafi a wani wuri. Na ce akwai wasu bukukuwan a wayata, in tana so in kunna mata ko kaɗan ne. Ta dubi wayar a hannuna. Ta dubi zauren.

"A'a, bar shi. Ni dai in san yana nan."

Wata akuya ta samu sa'a ta tusa kai cikin geron. Hajiya ta sake ni, ta juya tana kora ta da zani, ni kuma na fita wajen mota.